Yini Guda A Bakin Tekun Legas: Tsadar Hanya Na Rage Wa Ƙananan 'Yan Kasuwa Ciniki

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa tsakiyar Satumba, makarantun Jihar Legas kan tafi dogon hutu. A tsakiyar wannan hutu ne kuma ruwan sama kan ɗan tsagaita na 'yan makonni a cikin watan Agusta, sararin sama ya washe, yara su fara matsa wa iyayensu lamba a kai su su ga teku. Ga magidancin da ke da motar kansa, buƙatar ba ta wuce ta man fetur da kuɗin shiga ba. Amma ga akasarin mazauna birnin Ikko, waɗanda ba su da abin hawa sai na haya, yini guda a bakin ruwa ya zama al'amarin da sai an zauna an yi masa lissafi tun ana saura mako guda.

Jihar Legas na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 180, amma duk da haka akwai yaran da aka haifa a Agege ko Mushin suka gama firamare ba su taɓa taka yashin bakin tekun Atlantika ba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Cikin shekaru kamar 20 da suka wuce, wuraren shaƙatawa da ke kusa da manyan tashoshin mota sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuwa mafi yawansu na bayan shinge, a kan hanyar da jirgin ƙasa bai kai ba. Lamarin ya wuce batun nishaɗi, domin kuwa akwai ɗimbin masu tsire da masu dawaki da masu ɗaukar hoto da masu sayar da kayan fata waɗanda abincinsu ya rataya ga yawan jama'ar da ke iya isa bakin ruwa da sauran kuɗi a aljihu.

DAGA AGEGE ZUWA BAKIN RUWA

Domin a gane inda kuɗin ke tafiya, ya kamata a bi sawun iyali guda. A ce magidanci ne mai shago a Agege, unguwar da Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da kafuwa tun zamanin fataucin goro, ya shirya fita da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Tilas ne su bar gida jim kaɗan bayan sallar asuba, saboda a Legas wanda ya makara da sa'a guda yakan biya ta da sa'o'i uku a cikin cunkoson motoci.

Hawa na farko shi ne Keke Napep ko ƙaramar bas daga unguwa zuwa tasha. Daga nan akwai zaɓi biyu. Na farko shi ne jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ke tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo, tafiyar kilomita 27. Shugaba Bola Tinubu ne ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya kuma fara ɗaukar fasinja masu biya a watan Oktoba na wannan shekara. Na biyu shi ne manyan motocin BRT masu bin layinsu na musamman daga Abule Egba zuwa Oshodi, hanyar da aka buɗe a watan Agusta na 2020, sannan a sake wata motar da za ta haye gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 zuwa tsibiri.

Ko wace hanya aka bi, ba a isa ba tukuna. Wanda ya sauka a Oyingbo sai ya nemi danfo, wato ƙananan motocin hayan nan masu launin rawaya, zuwa Obalende ko CMS. A can kuma a sake shiga wata danfo mai bin babban titin Lekki zuwa Epe, a sauka a Ikate ko Jakande ko gaba da nan, gwargwadon bakin tekun da aka nufa. Daga bakin titi zuwa ƙofar shiga akwai sauran tafiya, wadda a da 'yan acaɓa ke cike ta. Tun ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa inda Victoria Island da Lekki suke, matakin da ya raba matasa da dama 'yan Arewa da sana'arsu, ya kuma bar fasinja da zaɓin ƙaramar mota ko tafiyar ƙafa da yara da ƙullin abinci.

Idan aka haɗa, hawa biyar ke nan a zuwa, biyar a dawowa. Mutum shida sau hawa goma, kujera 60 ke nan da za a biya a yini guda, sai fa in an ɗora ƙananan yara a cinya kamar yadda aka saba a danfo. Wani misali zai ƙara fito da nauyin. Lokacin da Jan Layi ya fara aiki, kuɗin cikakkiyar tafiya daga Agbado zuwa Oyingbo Naira 1,500 ne. Iyali mai mutum shida da ya taso daga Agbado, idan kowa ya biya cikakken kuɗi zuwa da dawowa, zai kashe Naira 18,000 a jirgi kaɗai, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na Naira 85,000 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar wa ma'aikatan jihar a watan Oktoba na 2024. An rage kuɗin jirgin a shekarar 2025, amma sauran hawa huɗun na nan, kuma su ba su da tsayayyen farashi.

Wannan rashin tsayayyen farashi shi ne abin da ya fi tayar wa magidanci hankali. A jirgin ƙasa da BRT ana biya ne da katin Cowry, kowa ya san abin da za a cire masa tun daga gida. A danfo kuwa yaron mota ne ke yanke kuɗi bisa ga yawan mutanen da ya gani a tasha, da abin da 'yan kamasho suka karɓa, da kuma yanayin sama. Da hadari ya haɗo da yamma, ko jama'a suka fito daga bakin teku a lokaci guda, sai kuɗin mota ya tashi. Saboda haka mai hankali kan ware kuɗin komawa gida da rara a wani aljihu daban, kuma wannan rarar ita ce ainihin kuɗin da da zai shiga hannun mai tsire ko mai doki.

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara dagula lissafin. Litar mai da ake sayarwa kimanin Naira 185 a Legas ta koma Naira 488 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Gwamnatin jihar ta rage rabin kuɗin motocinta da jiragenta daga watan Agusta na 2023 na wani lokaci domin sassauta wa jama'a, amma tafiyar da ba ta dole ba, irin ta yawon buɗe ido, ita ce ta farko da iyali kan soke idan aljihu ya yi zafi.

YADDA BAR BEACH TA ƁACE

Manyan da suka zauna a Legas lokacin tana babban birnin tarayya, kafin a koma Abuja a watan Disamba na 1991, ba su san wannan wahala ba. A wancan zamani, bakin teku na nufin Bar Beach, wadda ke shimfiɗe a gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Mota ɗaya daga Obalende ta isa ta kai mutum, matashi mai ƙarfi ma yakan taka da ƙafa. Fili ne na kowa da kowa. A ranakun Sallah da Kirsimeti da Ista wurin kan cika maƙil da ma'aikata da leburori da sojoji da 'yan makaranta, ga masu ibada cikin fararen riguna a gefe guda, ga masu dawaki na zagayawa da yara. A nan ne ma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a farkon shekarun 1970, abin da ke nuna cewa babu wani fili a birnin da ya kai shi ɗaukar taro.

Sai dai tun kafin a haifi waɗannan manya teku ta fara cin wurin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka sun gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas domin hana yashi toshe hanyar manyan jirage. A wannan gaɓa igiyar ruwa na tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare hanya, sai yashi ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, ɓangaren gabas kuwa, inda Bar Beach take, ruwa na kwashewa babu mai mayarwa. Tashar jiragen ruwa ta bunƙasa, ciniki ya haɓaka, amma Victoria Island ce ta riƙa biyan kuɗin da ƙasarta. Gwamnatoci daban-daban sun yi ta zuba yashi ana kashe maƙudan kuɗi, ruwa na sake kwashewa, har ta kai a tsakiyar shekarun 2000 teku na haurowa kan titin Ahmadu Bello tana barazana ga ofisoshi da gidajen da ke wurin.

Maganin da aka samo shi ne aikin Eko Atlantic, wanda kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ya fara a 2008 bisa yarjejeniya da gwamnatin jihar. An haƙo yashi daga cikin teku aka cike fili, aka kuma kare shi da katangar duwatsu da kankare da aka tsara za ta kai kilomita 8.5. Ta fuskar kare dukiya aikin ya biya buƙata, domin ambaliyar da ta addabi titin Ahmadu Bello ta kau, filin da aka samar kuma ya zama daga cikin mafi tsada a ƙasar nan. A watan Maris na 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a wurin, aikin da aka ƙiyasta kan dala miliyan 537. Amma ba a tanadi wani fili na jama'a da zai maye gurbin Bar Beach ba, kuma a lissafin ribar aikin babu wanda ya sa asarar masu ƙananan sana'o'in da suka watse.

Sauran wuraren da ke kusa su ma sun bi sahu. A watan Agusta na 2012, ana jajibirin ƙaramar Sallah, igiyar ruwa ta afka wa bakin tekun Kuramo ta yi awon gaba da mutane da dama, daga bisani gwamnati ta rushe rumfunan da ke wurin. A ƙarshen watan Afrilu na 2024 kuma motocin rusau suka shiga bakin tekun Landmark da ke Oniru domin share hanyar babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wanda kamfanin Hitech ke ginawa. Ministan Ayyuka, David Umahi, ya kafa hujja da cewa filin da ke daf da ruwa na Gwamnatin Tarayya ne, masu wurin kuma suka koka kan jarin da suka zuba da ma'aikatan da za su rasa aiki. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, sakamakon ga mai hawa motar haya ɗaya ne: ruwa ya ƙara nisa.

KUƊIN ƘOFA DA ALJIHUN MAI SAYE

A yau akasarin wuraren da suka rage a yankin Lekki na hannun gidajen sarauta masu filaye, kamar na Elegushi da Oniru, ko kamfanonin da suka karɓi haya daga gare su. Ana biyan kuɗin shiga kan kowane mutum, kuɗin kan ƙaru a ranakun hutu da bukukuwa. Bayan an shiga akwai kuɗin rumfa da kujera, a wasu wuraren ma har da kuɗin shigo da abinci ko abin sha daga waje.

Adalci ne a faɗi cewa kuɗin ƙofa ba zalunci ne zalla ba. Da shi ake biyan masu shara da masu gadi da masu ceto, ake gina makewayi, ake kwashe robobin da teku ke amayowa kowace safiya. Waɗanda suka san Bar Beach a ƙarshen zamaninta ba su manta da ƙazanta da 'yan iskan gari masu karɓar kuɗi da ƙarfin tsiya ba. Wurin da ba na kowa ba, babu mai kula da shi. Matsalar ita ce babu mataki na tsakiya: ko dai wuri mai tsabta da tsada, ko kuma gaɓar da babu mai ceto babu makewayi.

Ga ɗan kasuwa, abin lura shi ne yadda kuɗin iyali ke rabuwa. Magidanci na fitowa ne da adadi ƙayyadadde. Direba ya ɗauki kasonsa, mai ƙofa ya ɗauki nasa, an ware na komawa gida, abin da ya rage shi ne kasuwar mai tsire, mai kwakwa, mai gasasshen kifi, mai hoto da mai doki. Duk Naira guda da ta ƙaru a kan hanya ko a ƙofa, daga wannan ragowar ake cire ta. Ga shi kuma mai sana'ar shi ma yana biyan kuɗin wurin zama ga masu filin, yana kuma biyan motar da ta kawo nama da gawayi daga Agege ko Mile 12. Mai doki, wanda galibi daga Arewa ake kawo masa dabbar, sai ya ciyar da ita dusa da harawa kwana bakwai domin cinikin Asabar da Lahadi. Idan ruwan sama ya kwana yana zuba ranar Lahadi, mako guda ya tafi a banza.

Da masu saye suka ragu, mai sana'a kan ƙara farashi domin ya fitar da kuɗin haya, ƙarin farashin kuma ya sa iyalai su riƙa zuwa da dafaffiyar shinkafarsu daga gida. A haka kasuwar da a da ta dogara ga riba kaɗan da ciniki mai yawa ta koma ta 'yan tsiraru masu motoci, waɗanda su kuma sun fi son gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki. Babban jari na samun wurin zama a irin wannan kasuwa, musamman a watan Disamba lokacin da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare ke dawowa da kuɗin waje. Mai tire da mai tukuba su ne ake turewa gefe.

HANYAR RUWA

Akwai wata hanyar da ta kauce wa cunkoson Lekki, wato ta shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay. Wurin na kusa da mashigar tashar jiragen ruwa, katangun duwatsun nan na zamanin Turawa sun kare shi daga ƙarfin igiya, shi ya sa ruwansa ya fi kwanciya ga yara. Mota ba ta zuwa, sai kwale-kwale mai inji daga Marina ko Victoria Island, tafiyar da ba ta cika wuce minti 20 ba. Wanda ya taso daga yankin Mile 2 na iya hawa jirgin ƙasa na Shuɗin Layi, mai tsawon kilomita 13, wanda ya fara aiki ranar 4 ga Satumba, 2023, ya sauka a Marina daf da bakin ruwa. A duk faɗin birnin, nan ne jirgin ƙasa ya fi kusantar kai mutum bakin teku.

Amma nan ma kasuwa ta sha girgiza. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta yankin, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tasa su ne masu rumfuna da masu dafa abinci da masu jan kwale-kwale. Ban da haka, tsoron ruwa na hana iyalai da dama, kuma tsoron na da dalili. Ranar 8 ga Yuli, 2022, jajibirin babbar Sallah, wani kwale-kwale da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da almuru ya kife, mutane fiye da 15 suka rasu. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa sun wajabta sa rigar kariya, sun kuma hana ƙananan jirage tafiyar dare, don haka mai zuwa Tarkwa Bay sai ya shirya komowa tun rana ba ta faɗi ba.

A gaɓar Lekki kuwa haɗarin na cikin tekun ne kanta. Watannin Yuli zuwa Satumba, wato daidai lokacin hutun makarantu, su ne lokacin da igiya ta fi ƙarfi, akwai kuma jan ruwa na ƙarƙashi da kan fizgi mutum zuwa ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. A watan Agusta na 2022 wasu matasa huɗu da suka je murnar kammala jarrabawar sakandare sun nutse a wani bakin teku da ke Lekki. Duk mai niyyar zuba jari a jigilar 'yan yawon buɗe ido, wajibi ne ya sa batun masu ceto a sahun farko na lissafinsa.

DARASI DAGA WASU BIRANE

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna cewa bakin teku ba ya zama kasuwar talaka sai abubuwa biyu sun haɗu: sufuri mai araha da fili na jama'a. A Ingila, garin Blackpool ƙaramin wuri ne kafin layin dogo ya isa a 1846, daga nan ne ma'aikatan masaƙun Lancashire suka riƙa kwarara a makon hutunsu, har garin ya zama cibiyar masaukai da wuraren wasa.

Misalin Coney Island a birnin New York na Amurka ya fi kama da halin da Legas ke ciki. A farkon ƙarni na 20 masu filaye sun kakkafa shinge har cikin ruwa, sai an biya ake wanka. A wajajen 1920 jirgin ƙasa na birnin ya riƙa kai mutum can daga unguwannin ma'aikata a kan santi 5 kacal, hukumar birnin kuma ta karɓi gaɓar ta ƙara mata yashi, ta buɗe doguwar hanyar katako ta masu tafiya a ƙafa a 1923, shiga kyauta. An riƙa ƙiyasta cewa mutanen da ke zuwa a ranar Lahadi mai zafi kan kai miliyan guda. Wani baƙo daga Poland mai suna Nathan Handwerker, wanda ya buɗe 'yar rumfar sayar da burodi da nama a 1916 a kan santi 5, ya kafa kamfanin da har yau yana nan. Kuɗin jirgin bai canja ba sai a 1948. Birnin bai karɓi kuɗin ƙofa ba, amma ya samu a haraji da hayar shaguna da kujerun jirgin da da za su tafi wayam a ranar hutu.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi shafar Legas. Jiragen ƙasa da manyan motocin gwamnati an tsara su ne domin kai ma'aikata ofis da safe a dawo da su da yamma. An riga an sayi taragu, an shimfiɗa dogo, ana biyan bashin da aka ci ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Ƙarin fasinja a ranar Asabar ko Lahadi ba ya cin wani kuɗi mai yawa, saboda haka tikitin iyali mai rangwame a ranakun hutu na iya ƙara wa hukuma kuɗin shiga maimakon ya rage.

ABIN DA KE GABA

Akwai ayyuka uku da ya kamata 'yan kasuwa su sa wa ido. Na farko shi ne Koren Layi, layin dogo mai tsawon kilomita 68 da aka tsara daga Marina zuwa yankin ciniki maras haraji na Lekki, wanda aka sa hannu kan takardar fahimtar juna game da shi da wani kamfanin ƙasar Sin a watan Satumba na 2024. Shi ne zai bi ta bayan kusan dukkan wuraren shaƙatawa na Lekki. Sai dai mazauna Legas sun koyi haƙuri da alkawarin jirgin ƙasa, tun da aka soke shirin Gwamna Lateef Jakande a 1985 aka shafe kusan shekaru 40 kafin fasinja na farko ya hau Shuɗin Layi. Na biyu shi ne shirin Omi Eko na Yuro miliyan 410, wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai da Bankin Zuba Jari na Turai ke tallafawa domin samar da jiragen ruwa masu aiki da lantarki da sababbin tashoshi. Na uku shi ne titin gaɓar teku kansa, wanda ya ci wasu wurare a Victoria Island amma yana iya kusanto da Eleko da sauran gaɓar Ibeju-Lekki, in har an sa manyan motocin haya a kansa aka kuma bar wa masu tafiya a ƙafa mashiga zuwa ruwa.

Kafin waɗannan su tabbata, akwai gurbin da ƙaramin jari zai iya cikewa. Bas guda da aka yi shata daga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 kai tsaye zuwa bakin ruwa na mayar da hawa goma zuwa biyu, ta kuma ba magidanci farashi guda da ya haɗa mota da kuɗin ƙofa, wanda ake iya neman ragi a kansa idan mutane na da yawa. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da baƙin da ke zuwa saro kaya daga Kano ko Sakkwato kasuwa ce a shirye. Abin da irin waɗannan iyalai ke nema sananne ne: wurin alwala da sallah, keɓaɓɓen wurin sauya tufafi ga mata, abincin da hankali ya kwanta da shi, da ɓangaren da babu giya da kiɗa mai ƙarfi. Masu tsire da masu dawaki kuma, in suka haɗa kai cikin ƙungiya, za su fi samun bakin magana wajen yanke kuɗin haya fiye da kowa ya je shi kaɗai. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Babban aikin dai na hukuma ne. Cikin kilomita 180 na gaɓar jihar, ware ko da wurare biyu ko uku a matsayin filin jama'a, da masu ceto da makewayi da rumfunan haya masu sauƙin kuɗi, tare da motar BRT da za ta riƙa zuwa har ƙofa a ranakun Asabar da Lahadi da na Sallah, ba zai kai ko kusa da abin da ake kashewa a kilomita ɗaya na sabon titin ba. Filayen gaɓar gabas na ƙara tsada kowace shekara tun da aka kafa matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, kuma duk filin da aka sayar aka kewaye, sayo shi daga baya sai da ninkin kuɗi. Idan ba a ware wuraren ba kafin titin ya kammala, iyalin nan na Agege za su riƙa hango teku ne ta tagar mota, mai tsiren da ke jiran su kuma ya naɗe tukubarsa ya nemi wata sana'a.